Yadda ake kafa sabar DNS a ƙaramin netwok na makaranta ko ofis a Sakkwato

Makaranta mai ɗakin kwamfuta, ko asibitin kuɗi, ko shagon buga takardu, da zarar na'urorinsu sun haura goma za ka fara ganin 'yar takarda manne a bango: firinta 192.168.1.104, kwamfutar sakamako 192.168.1.117. Ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta ta sake rabon lambobi, takardar ta tashi daga aiki. Maganin wannan shi ne a sa wa kowace na'ura suna, a kuma ajiye na'ura ɗaya a cikin gida wadda aikinta ke nan: a tambaye ta suna, ta ba da lamba. Ita ce sabar DNS. Tsarin tsoho ne, Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, kuma har yau ta ƙofa (port) mai lamba 53 yake aiki, ta hanyoyin aika saƙo biyu da ake kira UDP da TCP.

Ka san abin da za ka samu tun kafin ka kashe ko kwabo. Za ka samu sunayen cikin gida da ke aiki ko data ta ƙare. Shafukan da ake yawan buɗewa za su ɗan ƙara sauri, domin sabar tana riƙe amsar da ta samo ta ba na gaba ba tare da ta sake fita waje ba. Za ka kuma iya toshe wasu shafuka ga kowa a lokaci guda. Amma duk wanda ya ce maka za ta rage cin data sosai, bai faɗa maka gaskiya ba. Tambayar DNS da amsarta 'yan baitoci ne, bidiyo da sabunta manhajoji ne ke cinye data.

Sanya manhajar da za ta yi aikin, dnsmasq, ba ya ɗaukar rabin awa. Abin da ke kayar da mutane a garin nan shi ne wuta, da zafi, da lambar da ba a kafe ba, da kuma yadda ake sanar da sauran na'urori cewa ga sabar da za su riƙa tambaya.

Na'urar da za ta ɗauki aikin

Aikin ba shi da nauyi ko kaɗan. Raspberry Pi 3 ko 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, ya isa har ya yi yawa, haka ma tsohon laftof da aka jingine. Abin dubawa shi ne wutar da na'urar ke ci, tunda dare da rana za ta kwana a kunne. Pi 4 yana cin kamar wat 3 zuwa 6. In ka ɗauki wat 4, a awa 24 bai kai wat-awa 100 ba. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 60 za ta sha wat-awa 1,440 a wannan lokacin. Mai dogaro da sola da inbata ya san abin da wannan bambanci ke yi wa batir kafin asuba. Laftof yana da wata riba: batirinsa na ciki yana riƙe shi tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta, in batirin na da sauran rai.

In Pi ka zaɓa, ka ba shi caja ta gaske, bolt 5 amfiya 3 ga Pi 4. Cajar waya ta arha ita ce tushen rabin matsalolin da ake ɗora wa manhaja. Ka haɗa shi da rauta a kan ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta) irin na rauta, mai fitar da bolt 5 da 9 da 12. Fawa-bank na waya bai dace ba, domin da yawansu sukan yanke wuta na ɗan lokaci yayin da wutar caji ta zo ko ta tafi, kuma irin wannan yankewa ce ke lalata katin memori. In kwamfutar tebur ce, ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka saita ta riƙa tashi da kanta idan wuta ta dawo, ka kuma canza ƙaramin batirinta na agogo, CR2032, in ya mutu.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka. Pi yana fara rage gudunsa da kansa idan ya kai digiri 80. Kada ka kulle shi a cikin kabad ko akwatin ƙarfe da ba iska. Ka saya masa gida mai ƙarfen shanye zafi ko ƙaramar fanka. Umarnin `vcgencmd measure_temp` zai nuna maka zafinsa, `vcgencmd get_throttled` kuma in ya ba da `0x0` to wuta da zafi duk lafiya. Lokacin hunturu ƙura ce ke toshe fanka, a riƙa hure ta.

Da kebul za ka haɗa sabar da rauta ko suwic. Ban da Wi-Fi.

Tsara lambobi da zaɓen suna

Ɗauki biro da takarda tukuna. A wannan misali rauta tana 192.168.1.1. Taka tana iya bambanta: na'urorin Huawei galibi suna 192.168.8.1, MikroTik tana zuwa da 192.168.88.1, wasu kuma 192.168.0.1. Ka bi abin da ka tarar, ka sauya lambobin misalin. Sabar DNS ta ɗauki 192.168.1.2. Daga 3 zuwa 49 a bar wa na'urorin da ba sa motsi: firinta, na'urar ajiyar hotunan kyamara, kwamfutar da ke riƙe da bayanan ɗalibai. Daga 100 zuwa 200 na wayoyi da laftof ne masu shiga da fita. In rautar tana rabon lambobi tun daga 2, ka shiga ka matsar da farkon rabon zuwa 100, in ba haka ba wata rana za ta miƙa wa wayar wani baƙo lambar sabarka.

Wajen suna mutane kan yi kuskure biyu. Na farko su ƙirƙiri suna mai ƙarewa da .com ko .ng wanda ba nasu ba, sai ya yi karo da na mai shi. Na biyu su yi amfani da .local, alhali an keɓe shi ga wani tsari dabam, mDNS, wanda na'urorin Apple da firintoci da yawa ke amfani da shi. Sai ka ga sunan yana aiki a wannan kwamfuta, ya ƙi a waccan. Akwai guda biyu da aka ware musamman don cikin gida: home.arpa tun 2018, da .internal wanda ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta keɓe a 2024. A nan za mu yi amfani da `makaranta.internal`.

Kafe lambar sabar

A Raspberry Pi OS na yanzu, NetworkManager ne ke riƙe da netwok. Duba sunan haɗin da `nmcli con show`, sannan:

```
sudo nmcli con mod "Wired connection 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.2/24 ipv4.gateway 192.168.1.1 ipv4.dns 1.1.1.1
sudo nmcli con up "Wired connection 1"
```

Lura cewa 1.1.1.1 aka sa a matsayin DNS na sabar kanta a yanzu. In ka yi gaggawar sa 127.0.0.1 tun kafin manhajar ta hau, na'urar za ta riƙa tambayar kanta alhali ba mai amsawa, ba za ka iya sauko da komai ba. Debian marar allon hoto a `/etc/network/interfaces` ake saita ta, Ubuntu kuma a fayilolin `/etc/netplan`. Duba sunan ƙofar kebul da `ip a`. A Pi `eth0` ne, a wasu kwamfutoci za ka ga irin `enp2s0`.

Sanya dnsmasq

BIND ita ce manhajar DNS da ake koyarwa a aji, kuma ita ta dace da wanda ke riƙe da sunan da duniya ke nema. Ga netwok mai na'ura talatin ko ɗari, nauyi ne kawai: waƙafi ɗaya ya ɓace a fayil, komai ya tsaya. Dnsmasq, wadda Simon Kelley ya rubuta, ƙarama ce, tana yin DNS da rabon lambobi a haɗe, kuma ita ce ke cikin rautoci da yawa ba tare da masu su sun sani ba. Pi-hole, mai toshe tallace-tallace, ma a kanta aka gina shi.

```
sudo apt update
sudo apt install dnsmasq dnsutils
```

A Ubuntu mai yiwuwa ka ga jan rubutu cewa ta kasa tashi, `Address already in use`. Kada hankalinka ya tashi. Wata manhaja ce, systemd-resolved, ke zaune a ƙofa ta 53 a lamba 127.0.0.53. Layin `bind-dynamic` da ke ƙasa yana sa kowacce ta tsaya a lambarta. Umarnin `sudo ss -tulpn | grep :53` yana nuna wanda ya riƙe ƙofar.

Kada ka taɓa babban fayil ɗin `/etc/dnsmasq.conf`. Buɗe sabo, `/etc/dnsmasq.d/makaranta.conf`, ka rubuta:

```
interface=eth0
bind-dynamic
domain-needed
bogus-priv
no-resolv
server=1.1.1.1
server=9.9.9.9
local=/makaranta.internal/
domain=makaranta.internal
no-hosts
addn-hosts=/etc/sunayen-gida
expand-hosts
cache-size=2000
```

Kowane layi da dalilinsa. `bind-dynamic` yana da muhimmanci a inda ake yawan ɗauke wuta: Pi yakan riga suwic da rauta tashi, kuma in ka yi amfani da `bind-interfaces` da wasu ke ba da shawara, dnsmasq tana iya tarar da ƙofar kebul ba ta shirya ba, ta faɗi, ta zauna a haka har sai wani ya zo. `domain-needed` da `bogus-priv` suna hana sunaye marasa ɗigo da lambobin cikin gida fita waje. `no-resolv` yana cewa a tambayi waɗanda aka lissafa a layukan `server` kawai, 1.1.1.1 na Cloudflare ne, 9.9.9.9 na Quad9, 8.8.8.8 na Google. Makarantar da ke son tace shafukan batsa tana iya sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3, amma su kaɗai, domin in ka haɗa mai tacewa da marar tacewa, tacewar ta zama ta wani lokaci. `local` yana hana a je waje neman duk wani suna na makaranta.internal, `expand-hosts` kuma yana liƙa makaranta.internal a bayan gajerun sunayen da ke fayil ɗin sunaye. Ma'ajiyar amsoshi kuwa da suna 150 kawai take zuwa, shi ya sa aka ɗaga ta da `cache-size`.

`no-hosts` yana kare ka daga wani tarko. A Debian da danginta, fayil ɗin `/etc/hosts` yana da layin da ya haɗa sunan na'urar da 127.0.1.1. In dnsmasq ta karanta shi, duk wanda ya nemi sabar da sunanta za a ba shi wannan lamba, wato a mayar da shi kan kwamfutarsa.

Yanzu fayil ɗin sunaye, `/etc/sunayen-gida`:

```
192.168.1.1   rauta
192.168.1.2   saba
192.168.1.10  firinta
192.168.1.11  sakamako
192.168.1.12  kyamara
```

Da ƙananan baƙaƙe, ba tazara a cikin suna, ba baƙaƙe masu lanƙwasa: `dakin-karatu` za ka rubuta. Kada ka ajiye wannan fayil a cikin `/etc/dnsmasq.d`, domin duk abin da ke can a matsayin saiti ake karanta shi, manhajar za ta ƙi tashi. Gwada, sannan ka tayar:

```
sudo dnsmasq --test -C /etc/dnsmasq.d/makaranta.conf
sudo systemctl restart dnsmasq
sudo systemctl enable dnsmasq
```

Idan ka ƙara suna a gaba, `systemctl reload dnsmasq` ya wadatar. In saiti ka taɓa, sai `restart`. Mai katangar tsaro ta ufw ya buɗe ƙofa ga 'yan gida kawai: `sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 53`.

Gwaji kafin a sanar da kowa

```
dig @192.168.1.2 firinta.makaranta.internal +short
dig @192.168.1.2 udusok.edu.ng
```

Na farko ya kamata ya dawo da 192.168.1.10. Na biyu, shafin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka buga shi sau biyu kana duban layin `Query time`. Karon farko zai nuna lokacin da aka ɗauka ana fita waje, na biyu zai faɗo kusan sifili, alamar ma'ajiya tana aiki. Daga Windows kuma `nslookup firinta.makaranta.internal 192.168.1.2`.

Kalmar da ke gaban `status` tana gaya maka inda za ka duba. NXDOMAIN: sabar ta amsa, amma ba ta san sunan ba, duba rubutunka. SERVFAIL: ta nema a waje an samu matsala. REFUSED: ta ƙi ka, ko ba ta da wanda za ta tura wa tambayar. In shiru ne har lokaci ya ƙare, to ko manhajar ba ta tashi ba, ko katanga ta tare, ko kebul.

Sanar da sauran na'urori

Bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ana rubuta lamba da hannu wahala ce, kuma laftof ɗin da aka yi wa haka zai daina buɗe shafuka da zarar mai shi ya koma gida. DHCP, mai rabon lambobi, shi ne zai sanar da kowa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga rauta, ɓangaren LAN ko DHCP, ka sa 192.168.1.2 a gurbin DNS. A kula, rauta tana da gurbin DNS iri biyu, na WAN (ɓangaren da ke fuskantar intanet) da na DHCP, kuma na biyun ake nufi. In ka sa lambar sabar a na WAN, sannan sabar ita ma tana tura tambaya ga rauta, tambayar za ta riƙa kewaya tsakaninsu har komai ya tsaya.

Ga kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma masu shi da kyakkyawar niyya suke yin sa. Akwai gurbi na biyu, sai mutum ya sa 8.8.8.8 a ciki, wai ko da sabar gida ta faɗi. Na'urori ba sa ɗaukar na biyu a matsayin ɗan jiran gado. Wata takan koma kansa in na farko ya yi jinkiri sau ɗaya, ta kuma zauna a can; wata tana tambayar duk wanda ta ga dama. Google kuwa bai san firintarka ba, zai ce babu wannan suna, kwamfutar ta yarda ta riƙe amsar. Sakamakon shi ne matsala mai zuwa da tafiya: da safe sakamako ya buɗe, bayan azahar ya ƙi, malami ya leƙo yana cewa, "Injiniya, mi ya faru kuma?", kai kuma ka gwada a taka ka ga lafiya lau. Ka bar gurbin fanko, ko ka maimaita lambar sabar. In kana son madadi na gaske, ka kafa saba ta biyu a 192.168.1.3 da saiti da fayil ɗin sunaye iri ɗaya.

Ƙananan MiFi da wasu rautocin kamfanonin waya ba sa barin a canza DNS. In rautar ta yarda a kashe DHCP nata, ka kashe, ka ƙara wannan a saitin dnsmasq:

```
dhcp-range=192.168.1.100,192.168.1.200,12h
dhcp-option=option:router,192.168.1.1
dhcp-authoritative
dhcp-host=aa:bb:cc:dd:ee:ff,192.168.1.10
```

Layi na biyu dole ne a sa shi. Idan babu shi, dnsmasq za ta gaya wa kowa cewa ita ce hanyar fita, sai sunayen gida su yi aiki intanet ta ƙi. Layin ƙarshe yana ɗaure lamba ga na'ura ta hanyar lambarta ta MAC, wadda ke rubuce a jikin firinta ko a takardar saitin da take bugawa. Ka sa ta gaskiya a madadin ta misalin. Wayoyin zamani, daga Android 10 da iOS 14, suna ɓoye MAC ɗinsu na asali, don haka kada ka wahalar da kanka wajen ɗaure musu lamba. Mai ufw ya buɗe ƙofa ta 67 ta UDP. Kuma ka tabbata DHCP na rauta ya mutu da gaske, domin masu rabo biyu a netwok ɗaya liman biyu ne a sallah ɗaya. In rautar ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba, sai a sayo wata rauta a ɗora a bayanta.

Bayan canji, a cire kebul a mayar, ko a buga `ipconfig /release`, `ipconfig /renew`, `ipconfig /flushdns`. Umarnin `ipconfig /all` ya nuna 192.168.1.2 kaɗai a layin DNS. Kwamfutar da ta nuna lamba mai farawa da 169.254 ba ta samu mai ba ta lamba ba ne.

Masu bi ta bayan gida

Ko komai ya daidaita, wasu na'urori za su tsallake sabarka. Tun daga Android 9 akwai saitin Private DNS. Wayar da aka rubuta wa sunan wata saba a wurin, ta ƙofa ta 853 take fita, ba ruwanta da taka. Chrome da Firefox suna iya tura tambayoyinsu a ɓoye ta HTTPS. Firefox yana da alamar da yake dubawa: ka ƙara `address=/use-application-dns.net/` a saiti, zai janye, muddin ba mai shi ne ya kunna abin da hannunsa ba. Idan rautar tana ba da IPv6, sabon tsarin lambobi masu tsawo, tana iya tallata kanta a matsayin DNS ta wannan hanya, Windows kuma ya fifita ta. In ka ga lamba mai farawa da `fe80` a layin DNS, ka gyara ko ka kashe IPv6 na LAN a rautar. Da irin wancan layi na `address` ake toshe kowane shafi, sai dai ɗalibin da ya iya kunna VPN ya wuce shi.

Wani ƙaramin abu da ke rikita mutane: in ka rubuta `sakamako.makaranta.internal` a burauza, tana iya ɗaukar sa a matsayin abin bincike ta kai ka Google. Fara da `http://` a karon farko.

DNSSEC kuwa, tsarin tantance cewa amsar DNS ba ta jabu ba ce, a bar shi a kashe sai an ƙware. Pi 3 da Pi 4 ba su da batirin agogo, bayan doguwar ɗaukewar wuta da tsohon lokaci suke tashi. Tantance sa hannun DNSSEC yana buƙatar lokaci daidai, gyara lokaci daga intanet kuma yana buƙatar DNS, sai kowanne ya tsaya jiran ɗan'uwansa.

Kada ka taɓa buɗe ƙofa ta 53 daga rauta zuwa waje. Sabar da ke amsa wa duk duniya, ɓata-gari kan yi amfani da ita wajen kai wa wasu hari, da datarka.

Idan aka ce intanet ta tsaya, fara da `ping 1.1.1.1`. In bai amsa ba, ba laifin DNS ba ne: duba data, rauta ko layin kamfani. In ya amsa amma sunaye ba sa buɗewa, koma kan sabar da `systemctl status dnsmasq` da `journalctl -u dnsmasq`. Ƙara layin `log-queries` zai nuna maka kowace tambaya da wanda ya yi ta. Ka cire shi da ka gama bincike: yawan rubutu yana gajiyar da katin memori, kuma jerin shafukan da ma'aikata ke buɗewa amana ce da bai kamata ta zauna a fili ba. Fayiloli biyun nan, `makaranta.conf` da `sunayen-gida`, ka kwafe su a filas, ka kuma ajiye katin memori na biyu da aka riga aka shirya a cikin ambulan kusa da na'urar, tare da takardar da ta nuna yadda ake mayar da DHCP na rauta in sabar ta mutu ba ka nan.